Ba jahilci ne ya hana mu ruwa mai tsabta ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na saurari shirinku na daren Laraba har ƙarshensa, kuma tun daga lokacin maganar mai gabatarwa take ci mini rai, inda ya ce wai jahilci ne ya sa mutanen unguwanni irin tamu suke shan gurɓataccen ruwa, shi ya sa ɗaliban jami'a suka fito wayar mana da kai. Ɗaliban nan ba su taɓa faɗin haka ba, kuma ni shaida ne, domin a zauren gidana aka shimfiɗa musu tabarma.

Asabar biyu a jere suka zo mana cikin damina, su da ƙungiyar sa-kai da suke yi wa aiki ba tare da ko sisi ba. Bayan sun gaida mai unguwa, matan suka shiga wajen iyali, samarin suka zauna da mu a waje. Sun nuna wanke hannu da sabulu, ko da toka idan sabulun ya yanke, da rufe randa a keɓe mata moɗa guda, da haɗa ruwan gishiri da sukari ga mai gudawa, wato ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa. Wata ɗaliba ta auna tsakanin masai da rijiyarmu da ƙafa, ta ce ya kamata tazarar ta kai mita 30. Na ce mata, 'yata, gidan gaba ɗaya bai kai mita 30 ba, kuma masan maƙwabci yana bayan katangar nan. Ba ta yi mini musu ba, ta ce Baba gaskiya ne, ta rubuta a littafinta. Allah ya yi wa yaran nan albarka.

Abin da ta rubuta shi ya kamata ku karanta wa jama'a. Famfon layinmu ya shekara da shekaru bai ɗiga ba, rijiyar burtsatsen da aka haƙa mana ta lalace tun bara, saboda haka 'yan garuwa muke jira, ba mu kuma san inda suke ɗebowa ba. Magidancin da yake sayen ruwa jarka-jarka, ya raba shi tsakanin girki da alwala da wankan 'yan makaranta, ya san amfanin wanke hannu sarai. A 2021, shekarar da kwalara ta kashe sama da mutum 3,000 a Nijeriya, da hannuna na ɗauki ɗan maƙwabcina zuwa maƙabarta, uban kuwa malamin makaranta ne.

Kun ajiye jami'in gwamnati a ɗakin shirin kusan rabin sa'a, amma ba a tambaye shi inda aka kwana kan dokar ta-ɓacin da gwamnatin tarayya ta ayyana a fannin ruwa da tsabta a 2018 ba, ko alƙawarin 2019 na kawo ƙarshen bahaya a fili kafin 2025. Jigawa da ke maƙwabtaka da mu an tabbatar ta kai ga wannan matsayi tun 2022, shi ma ba a tambaye shi yadda suka yi ba. Ɗaliban da suka taka taɓo kuwa, minti biyu aka ba ɗaya daga cikinsu, aka katse ta da talla.

Ina roƙon ku sake gayyatarsu, su zo da littattafansu, shi kuma mai gabatarwa ya janye kalmar nan. Sannan a duba layukan wayar shirin, domin sau bakwai na kira a daren nan, katina ya ƙare, ba a ɗauka ba.

Wassalam.

Naku,
wani magidanci mai sauraronku daga Kano