Godiya ga masu gyaran jirgin faiba na bakin ruwan Yauri

Assalamu alaikum. Oga da yaran shago baki ɗaya, na ce bari in rubuta wannan a fili kowa ya gani, don godiyar da na yi muku a tsaye ranar nan wallahi ba ta ishe ni ba.

Jirgina ƙarami ne, na faiba, wato irin mai kama da roba mai ƙarfin nan ba na katako ba, na hannu na saye shi, irin mai daɓe biyu ɗin nan da ake liƙe ƙasan gaba ɗaya babu ko ƴar kafar da za ka leƙa. To tun da damina ta kama sai na ga jirgi ya ƙi gudu, inji na ta kuka, mai na ta tafiya, ga shi ya zauna cikin ruwa sosai ta baya ko babu fasinja, kuma in na karya kwana sai in ji wani abu ya tafi gefe guda yana jan jirgin. Saman daɓe a bushe ƙamas, me za ka kwarfe? Wani ya ce inji ne, wani ya ce farfela, har da mai cewa hannu aka sa min.

Oga ko injin bai kalla ba. Ya sa aka jawo jirgin kan yashi aka ɗaga gaban, muka ji ruwa na gangarawa a ciki ƙulun-ƙulun. Ashe gindin ne ya cinye saboda jan da ake masa kan yashi kullum, ga ƴar tsaga inda ya taɓa bugun kututture, kun dai san kututturan da ke kwance a ruwan nan tun da aka gama dam ɗin Kainji a 1968.

Abin da ya burge ni shi ne bai yi gaggawar yanka ba. Sai da ya bi daɓen da ƙotar sukundireba yana ƙwanƙwasawa yana saurare, inda ya ji sauti ya toshe ya ce nan haƙarƙari ne ba a taɓa shi, in ka yanke shi ka karya bayan jirgi. Ya zaɓi can baya inda ruwa ke taruwa, ya fara huda ƴar ƙarama ya zura waya ya tabbatar babu komai a ƙasa, sannan ya yanke da'ira mai faɗin inci 6, daidai yadda hannu zai shiga har da tiyon famfo. Ruwan da aka zuƙo jarka 6 ne ta lita 25, kilo 150 ke nan, kamar buhun siminti uku nake yawo da su kyauta ban sani ba. Ga wari. Soson da ke ciki ma duk ya sha ruwa, suka ciro wanda ya ruɓe suka bar jirgin a rana har ya bushe, ni ina ta matsa musu saboda ranar kasuwa, Oga ya ce Malam faiba ba ta kama jiƙa, ka yi haƙuri.

Bayan sun toshe tsagar ta ciki da waje, suka shafe bakin ramin da ruwan faiba don kar ruwa ya bi ta yankan, suka sa gam, suka ɗaura murfin roba mai zare da zobensa, da kusoshin da ba sa tsatsa. Har gwaji aka yi, an sheƙa bokiti a kai an buɗe, ko ɗigo babu. Kuɗin kuma yadda muka yi tun farko haka na biya, ba a zo min da zancen kaya sun tashi ba.

Ƴan uwa masu jirgi, tun hatsarin jirgin ruwan da ya nutse da mutane a Warrah ta jihar Kebbi a watan Mayun 2021 kowa maganar lodi da rigar ruwa yake, kuma gaskiya ne, amma ruwan da ke ɓoye ƙarƙashin daɓe shi ma lodi ne, lodin da ke gudu gefe guda lokacin da iska ta taso. Duk mai irin jirgina ya je a buɗe masa. Ni yanzu kowace safiya sai na murɗe murfin na zura hannu kafin in ɗauki kowa.

Oga, Allah ya ƙara buɗi, ya albarkaci yaran nan, musamman ƙaramin da ya kwanta rub da ciki yana yakuto soso. Jirgin ƙanina ma yana nan tafe bayan Juma'a, nasa ya fi nawa zama.

Naku,
wani mai jirgi daga Yauri