Zuwa ga Uwata, kan maganar tabarau

Assalamu alaikum, Uwata.

Bayan gaisuwa, kowa lafiya. Sanyin Jos ya kankama, ƙafar mahaifiyarki ta motsa kamar kowace shekara.

Ƙaninki ya nuna mini hoton da kika sa a WhatsApp. Kina tsaye a gaban teburin leza, na'urar nan mai fitar da siririn haske mai ƙarfi, tabarau na kariya yana rataye a wuyanki, idonki a buɗe. Tun daga ranar barcina ba ya nisa.

Aikin naki ba baƙona ba ne. Ni na fara zana miki matakan ƙarfi da ilektron ke hawa a cikin ƙwayar atam, waɗanda masanin kimiyya Niels Bohr ya fito da su a 1913, da alli a bangon zaure. Ilektron ɗin haidirojin yana buƙatar eV 10.2 cif (eV ma'aunin ƙarfi ne a ilimin atam) kafin ya hau daga mataki na ɗaya zuwa na biyu, da eV 13.6 kuma ya rabu da atam ɗin gaba ɗaya. Can sama matakan sai ƙara matsewa suke yi. Nan kuke aiki, a matakan Rydberg, inda faɗin atam a mataki na 100 yake ninkuwa sau 10,000. Wallahi ina alfahari da ke, har a masallaci na faɗa.

To amma da me kuke ɗaga ilektron ɗin rubidiyam, sinadarin da kuke aiki da shi, zuwa can? Da leza mai nanomita 780, sannan shuɗiya mai 480 (wannan ma'aunin ne ke nuna launin hasken). Ta farkon ita ke hana ni sukuni. Tana daf da iyakar abin da ido ke gani, sai ta zo miki ja dishi-dishi alhali ƙarfinta ya isa ya yi ƙuna, idon kuma ba zai ƙifta ya kare kansa ba. Shi da kansa zai tattara hasken ya ɗora a ɗigo ɗaya kan tantanin da ke bayansa, wurin da ya ƙone kuwa ba ya dawowa. Ba sai kin leƙa bakin na'ura ba. Zobe ko agogo ya isa ya karkato miki hasken. Awarwaron Gwaggo ma na gan shi a hannunki.

Kada ki ce mini na'urar a kashe take lokacin hoton. Kin san abin da na sha a bakin dangi kafin na bar ki ki tafi Jamus, na tsaya kai da fata na ce ke mai hankali ce. Wannan ne hankalin? Ke da kika ja wa Kawu sanda da hannunki?

Uwata, tsoro ne ya sa ni kaushin harshe. Ki duba lambar da ke jikin tabarau ɗin, ki tabbata ta dace da lezar da kike aiki da ita, don kowace da nata. Ki cire awarwaro a bakin ƙofa. Ki kira mu ranar Juma'a bayan la'asar, mahaifiyarki ba ta ga hoton ba tukuna.

Allah ya yi miki albarka, ya tsare mini ke.

Babanki