Gyara a kan batun kuɗin rashin aiki a Amurka

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da abokan aikinku, na rubuto ne game da shirinku na kwanan baya a kan rayuwar 'yan uwanmu mazauna ƙasashen waje, inda wani mai kira ya ce wai a Amurka gwamnati tana biyan mutum albashi don ya zauna a gida. Na ji an yi dariya an wuce ba tare da an gyara masa ba. Ni kuwa na shafe wata huɗu ina karɓar wannan kuɗi a jihar New York a farkon shekarar 2025, bayan an sallame ni daga wani sito da nake aikin jera kaya, kuma na ga yadda irin wannan magana take cutar da mutanenmu ta fuska biyu: wasu suna jin kunyar neman haƙƙinsu, wasu kuma suna ɗaukarsa ganima har su jefa kansu cikin rigima da hukuma.

Sunan abin inshorar rashin aiki, kuma ya samo asali ne daga dokar da Shugaba Franklin Roosevelt ya sanya wa hannu a 1935, lokacin da tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe. Masu ɗaukar ma'aikata ne suke biyan haraji a kan albashin kowane ma'aikaci, ana tara shi a asusu, sannan in aiki ya ƙare ba da laifin ma'aikacin ba a riƙa ba shi wani abu duk mako. A jihohi uku kawai, Alaska da New Jersey da Pennsylvania, ake cire wani kaso daga albashin ma'aikaci shi kansa. Ashe ke nan guminsa ne ya jawo aka ajiye kuɗin, kuma wanda ba shi da izinin aiki a ƙasar ba zai samu ko sisi ba. Ɗan uwanmu da ya yi shekara biyar ana biyansa a hannu ba takardar albashi, ranar da aka sallame shi ba zai tarar da sunansa a lissafin jiha ba.

Kowace jiha da dokarta, kuma tazarar tana da yawa. Yawancinsu suna biya har mako 26, amma a Florida yakan tsaya a mako 12, kuma mafi yawan abin da mutum zai samu a can dala 275 ne a mako, a Mississippi kuwa 235. A New York ana ba mutum kimanin rabin abin da yake samu a mako, kuma a lokacin da na karɓa iyakarsa dala 504 ce, sai a watan Oktoban 2025 aka ɗaga ta zuwa 869. Wanda ya ji waɗannan lambobi daga Kano ya juya su zuwa naira zai ce an ji daɗi, to amma kuɗin hayar ɗaki kaɗai a Bronx, yankin birnin New York da nake zaune, yakan cinye mafi yawansu, ga kuma harajin gwamnatin tarayya da yake hawa kansu kamar yadda yake hawa albashi.

Kuskuren farko ni na yi shi da kaina. Na yi mako uku ban shigar da takarda ba, ina ganin ba girmana ba ne, da lafiyata da ƙarfina, in je ina neman kuɗin gwamnati, kuma ina sa ran gobe ko jibi zan samu wani aikin. A majalisarmu ta bayan sallar la'asar ma wani ya tsorata ni cewa karɓar kuɗin zai ɓata mini takardun zama. Sai da na zauna da wata lauya mai taimaka wa baƙi ta bayyana mini cewa ana lissafa shi a cikin haƙƙin da aiki ya samar, dabam da tallafin marasa ƙarfi. Ko da na cike fom ɗin, sai na gano cewa lissafi yana farawa daga makon da aka shigar da buƙata, kuma makon farko ma ba a biyansa. Waɗancan makonni uku sun tafi ke nan.

Ba a daɗe ba wasiƙa ta zo cewa an dakatar da biyana, domin kamfanin ya shaida wa hukuma cewa ni na ajiye aikin don kaina. Wannan shi ne gaɓar da take kayar da mutane da yawa, saboda wanda ya bar aiki ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, ko aka kore shi bisa wani laifi, yakan rasa haƙƙinsa. Wasiƙar ta ba ni kwana 30 in nemi a saurari ƙarata. Abin da ya cece ni saƙon waya ne guda ɗaya, wanda shugaban sashenmu ya turo mini da daren Juma'a yana cewa kada in zo daga Litinin saboda aiki ya ragu. Allah ya sa ban goge shi ba. Ranar zaman, ta waya aka yi, ina zaune a teburin kicin da takardun albashina na wata shida a gabana, alƙali ya rantsar da ni, ya ji ta bakin wakilin kamfanin, sannan ya ce in karanta saƙon da ranarsa da lokacinsa. Bayan wasu kwanaki hukunci ya zo ta gidan waya, aka biya ni dukkan makonnin da aka riƙe. An biya su ne kuwa saboda ban daina shiga ina tabbatar da buƙatata duk mako ba a tsawon rigimar. Da na yi fushi na bari, da ko na yi nasara babu abin da zan karɓa na waɗannan makonni. Ana kuma ba da tafinta kyauta ga wanda ya nema, don haka ƙarancin Turanci ba hujjar ƙin zuwa ba ce.

Wannan tabbatarwa ta mako-mako ita ce mai kiran naku bai sani ba. Duk mako sai mutum ya amsa tambayoyi da sanin cewa ƙarya a cikinsu laifi ne: ko yana da lafiyar yin aiki, ko a shirye yake ya fara in an kira shi, ko ya yi wani aiki komai ƙanƙantarsa, ko ya ƙi wanda aka ba shi. A New York sai ya yi aƙalla abubuwa uku na neman aiki a kowane mako, ya rubuta ranar da sunan wurin da yadda aka ƙare, ya adana, domin ana iya neman ganinsu. Ni littafi na saya na musamman. A nan ne wasu 'yan uwa suke zamewa. Mutum zai ɗauki mota ya yi kwana biyu yana jigilar fasinja da manhaja, ya ce ai ɗan abin cefane ne, bai faɗa ba, alhali hukuma tana gwada bayananta da na kamfanoni, kuma in ta gano za ta nemi kuɗinta da tara a kai. Da ya faɗa, rage masa kawai za a yi gwargwadon awowin da ya yi. Mafi muni shi ne wanda zai ce tunda babu aiki bari ya leƙa gida ko ya tafi Umara, ya bar wa aboki lambar sirrinsa ya riƙa amsa masa. Wanda yake Kumasi ko Damagaram ba zai iya fara aiki gobe a Bronx ba, don haka dokar ta hana karɓa daga can, kuma ba wa wani lambar sirri laifin zamba ne.

Shi neman aikin kansa ya fi cike fom wahala. Na tura takardar neman aiki wurare masu yawa ta intanet, mafi yawansu ko amsa ban samu ba, har sai da wata ma'aikaciyar laburaren unguwarmu ta duba takardar tarihin aikina ta nuna mini cewa a manyan kamfanoni na'ura ce take fara tacewa, tana neman kalmomin da ke cikin tallar aikin. Ta cire mini shekarun haihuwa da hoto da batun aure, waɗanda muka saba sakawa a gida amma a nan ba a son su, ta kuma ɗora shaidar tuƙa motar ɗaga kaya a sahun farko. Akwai kuma cibiyoyin neman aiki na gwamnati a kowace jiha, masu kwamfuta da horo kyauta. Duk da haka, aikin da na samu a ƙarshe ta hannun wani dattijo ne a masallaci, wanda bai san ina zaune ba sai da na cire kunya na gaya masa. Albashin bai kai na da ba, na karɓa, kuma a makon da na fara na daina neman kuɗin.

Roƙona gare ku, Edita, ku ware wa wannan batu shiri guda, ku gayyato lauyan ƙwadago daga nan ya amsa tambayoyin masu sauraro, domin Hausawan Najeriya da Nijar da Ghana da ke Amurka suna jin ku fiye da yadda suke karanta wasiƙun hukuma. In da hali ku haɗa da na gida Najeriya, inda babu irin wannan inshora, amma dokar fansho ta 2014 ta ba ma'aikacin da ya yi wata huɗu bai samu wani aiki ba damar cire kashi 25 cikin ɗari na abin da ke asusunsa na fansho. Na tambayi ƙanena da aka sallama daga aiki a Kaduna ko ya nemi nasa, ya ce bai taɓa jin labarin ba.

Wassalam.

Mai sauraronku,
daga Bronx, birnin New York