Wata 14 ina sa wa ƙanena magani a zuma bai sani ba

Assalamu alaikum Hajiya,

Da fatan kina lafiya, ke da abokan aikinki. Ina sauraron shirinki ta waya daga nan Gadarif, gabashin Sudan, duk ranar da intanet ta ga dama. Don Allah a sakaya sunana. Hausawan garin nan kusan gida ɗaya muke, ana jin sunan an gane gidan.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, sista kamar yadda ake kiranmu a nan. Shekarata 11 a aikin, huɗu daga ciki a ɗakin masu taɓin ƙwaƙwalwa. Na faɗa ne don ki san abin da na aikata ba cikin jahilci na aikata shi ba. Da jahilci ne ma da na fi samun barci.

A Wad Madani aka haife mu. Ƙanena ciwon ya kama shi a 2019, yana ɗan shekara 21, yana tsakiyar karatun jami'a. Da farko wanka ya bari, sai ya koma toshe taga da bargo, yana cewa maƙwabta na hirarsa ta cikin bango. Daga nan ya daina cin abincin gida, wai an barbaɗa wani abu a ciki. Likita ya ce fisam ne, abin da littattafanmu ke kira sikizofireniya. Ban yi mamaki ba, don a maza yakan ɓullo ne a daidai waɗannan shekarun.

Na sha yi wa dangin majinyata bayanin ciwon, haka na yi wa Inna. Akwai wani sinadari, dofamin, da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo da shi. Cikin ayyukansa har da nuna wa mutum abin da ya kamata ya mai da hankali a kai. Idan ya yi yawa a wata hanya ta cikin ƙwaƙwalwa, sai komai ya zama da ma'ana. Tarin maƙwabci saƙo ne, kallon mai raksha, wato keke mai ƙafa uku, barazana ce, gishirin da ya ɗan zarce a miya guba ne. Maganin yana zuwa ne ya tare ƙofofin da dofamin ke shiga. Matsalar ita ce da wannan dofamin ɗin ne wani sashen ke tafiyar da motsin jiki, kuma haloferidol, wanda aka fara ba shi, ba ya tambayar unguwa, duk ƙofar da ya samu tarewa yake.

Kwana uku da fara shi, muna zaune da la'asar, sai wuyansa ya murɗe gefe guda, idanu suka kafe sama, harshe ya fito. Inna ta ɗora hannu a ka tana salati, tana cewa aljanin ne zai fita. Ni na san illar maganin ce. Allura ɗaya ta warware shi cikin 'yan mintuna, aka haɗa masa da Artane, ƙwayar da ke rage wannan illar. Jikin ya saki, amma zuciyarsa ba ta manta ba. Shekara huɗu yana shan magani bisa tilas, yana tafiya hannuwa a sandare, yawu na zuba a matashi, fuska kamar an shafe ta, ga ƙafafu da ba sa barinsa ya zauna wuri ɗaya. Wata rana ya ce mini, “Yaya, kun kashe muryoyin, amma kun haɗa da ni.” Ban sami amsar da zan ba shi ba.

Da yaƙi ya iso Madani a Disambar 2023, muka fito da kayan jikinmu, muka zagayo ta Sinnar zuwa gidan Kawu a nan Gadarif. Maganinsa na can cikin durowa. Shi kaɗai ne ya yi murna da wannan asarar. Wata uku, huɗu, lafiya lau, har ya fi da walwala, Baba yana ce mini, “Kin gani ko? Da ma ƙwayoyinku ne ke danne yaron.” Wannan ita ce yaudarar ciwon, ba ya dawowa ranar da aka bar magani, sai an saki jiki. A wata na biyar ya kifar da tiren kisra, gurasar dawa ta nan Sudan, a gaban baƙi, ya nuna matar Kawu da yatsa ya ce ita ke sa masa guba, a gidan da aka ba mu mafaka. Ya koma ba ya cin komai sai biskit da kifin gwangwani wanda ya buɗe da hannunsa.

Baba ya kai shi wani masid a wajen gari, wato tsangayar shehu da ake kai marasa lafiya a yi musu addu'a. Hajiya, ni ba na faɗa da Alƙur'ani, ni ma da shi nake kwana. Ko Dakta Tijani al-Mahi, wanda ake kira uban likitancin ƙwaƙwalwa a Afirka, wanda asibitin Omdurman ke ɗauke da sunansa, bai raina shehunan masid ba, haɗa kai ya nemi yi da su. Na faɗa wa Baba haka, na roƙe shi a haɗa biyun, ya ce malam ya hana. Bayan kwana 40 na je na tarar da mari a ƙafarsa, idon sawun ya yi gyambo ƙuda na bi, abincinsa ɗan tuwon dawa ba mai ba gishiri. Na wanke gyambon ina kuka, shi kuwa yana kallon bayana yana amsa wa wani da ba na gani. Da ƙyar na shawo kan Baba muka dawo da shi, da sharaɗin zai ci gaba da shan rubutu da zumar da malam ya tofa.

Abu biyun nan kaɗai yake karɓa daga hannun mutum, kuma daga hannuna kawai. Nan shaiɗan ko tausayi, ban san wanne ba, ya kawo mini dabara. Na sami wani likita da muka taɓa aiki tare, na nuna masa tsofaffin takardun, ya rubuta mini olanzafin miligiram 10 kowane dare, ya ce na ɗan lokaci ne, in kawo masa yaron da zarar ya natsu. A cikin rubutun na so in sa, tunda baƙin tawada zai ɓoye garin, amma hannuna ya ƙi. Sai na koma zumar. Kullum bayan isha'i nakan shiga bayan ɗaki in murƙushe ƙwayar tsakanin cokula biyu, in juya ta a zuma, in kai masa da bisimilla. Ban gaya wa kowa ba. Sai dai wata safiya na tarar an wanke cokulan nan biyu an saka mini su a jakar aiki, ba a cikin kwandon cokula ba. Inna ba ta ce komai ba, ni ma ban ce ba, har yau.

A makon farko ya yi barci. A na uku ya sa hannu a tire ɗaya da Baba. Kafin wata biyu ya je ya durƙusa ya nemi gafarar matar Kawu. Yanzu yana aiki a kasuwar amfanin gona, yana rubuta buhunan riɗi da dawa, ba a taɓa kama shi da kuskuren lissafi ba. Wannan maganin bai sandarar da shi kamar na farko ba, shi ya sa bai zargi komai ba. A wurinsa zuma ce da addu'a, duk Juma'a sai ya aika wa malam sadaka daga guminsa. Likitan ya tambaye ni shi sau uku, ina ta kawo uzuri.

Ga inda na shiga rana zafi inuwa ƙuna. Olanzafin yana buɗe ciki, yana kuma taɓa yadda jiki ke sarrafa sukari da kitse. Ya dawo daga masid da kilo 58, yanzu 84 yake. Mutanen gida na cewa lafiya ce ta zauna. Ni kuwa ina jin ƙarar buta sau uku, sau huɗu cikin dare, ina ganin yadda yake shanye jarkar ruwa. Sai na kawo na'urar gwajin sukari gida na ce yau kowa zan gwada, na fara da Baba don kada abin ya yi kama da nasa. Da safe ne, bai ci komai ba, na'urar ta nuna 168. Bayan mako na sake, 174. Daga 126 ake fara kiran abu ciwon sukari. Ya yi dariya ya ce shayin kasuwa ne. Ni kuma daren nan na sake miƙa masa maganin da ya jawo abin, a cikin zuma.

Na san akwai mafita a likitance. Akwai magungunan da ba su kai wannan sa ƙiba ba, akwai allurar da ake yi sau ɗaya a wata, akwai metfomin na sukarin. Amma duk sai likita ya gan shi ido da ido, shi kuma sai ya san yana shan wani abu kafin a yi zancen canza shi. Da damina zazzaɓi ya kama shi, ya tafi wani ƙaramin asibiti shi kaɗai, aka tambaye shi ko yana shan wani magani, ya ce babu, da zuciya ɗaya. Da na ji sai da cikina ya juya. Akwai maganin amai da ake yawan bayarwa wanda shi ma dofamin yake tarewa, a haɗa su wuyan nan na iya sake murɗewa. Akwai kuma wata illa, ba ta cika faruwa ba amma tana kisa, mai zuwa da zazzaɓi mai zafi da sandarewar jiki da ruɗewa, wadda wanda bai san tarihin majinyaci ba zai ɗauka maleriya ce ta hau kai. Allah ya sa maleriyar ce. Ga shi yanzu yana cewa zai bar sigari, abin farin ciki, amma hayaƙin taba na sa hanta ta yi saurin narkar da olanzafin, ranar da ya bari ƙarfin maganin zai ƙaru a jininsa. Ko wannan ba ni da bakin gargaɗinsa.

Aure ne dalilin barin sigarin. Ya nemi 'yar Kawu, manya sun amince, ana maganar sa rana. Yarinyar shekararta 20, ni na yi mata kitso jiya. A saninta sammu ne aka yi masa aka karya. Ba gadon ciwon ne ya fi damuna ba, duk da na san a cikin jama'a wajen mutum ɗaya cikin 100 yake kamawa, ɗan da iyayensa ɗaya ke da shi kuwa wajen ɗaya cikin 10, wato tara sukan tsira. Na ga masu ciwon nan da suka yi aure suka riƙe gidajensu da kyau, amma da saninsu da sanin matansu suke shan magani. Ita za ta shiga ne ido rufe. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, Hajiya, ba zan so a yi mini haka ba.

Sannan ni tafiya ce a gabana. Na sami aiki a wani asibiti a Jidda, ana sa ran in tashi bayan ƙaramar Sallah. Gidanmu na Madani an kwashe shi har ƙyamare, albashina na nan sai a yi watanni ba a gan shi ba, gida duka wannan tafiyar ake jira. Inna ba ta karatu, ba za ta bambance wannan ƙwaya da waccan ba, kuma ba zan ɗora mata abin da ni kaina ya fi ƙarfina ba. In na tafi a haka, na san abin da wata na biyar zai kawo, kuma wannan karon da amarya a ɗaki.

A makaranta an koya mana cewa ba a ɓoye wa mutum magani a abinci sai hankalinsa ya gushe har ba ya iya yanke wa kansa shawara, shi ma sai likita da dangi sun zauna an rubuta, a riƙa dubawa, a daina da zarar ya dawo hayyacinsa. Ranar da na fara ina da uzuri. Uzurin ya ƙare tun wata na uku, tsoro ne ya ja sauran 11. Abin da nake tsoro shi ne ainihin ciwonsa cewa yake ana sa masa abu a abinci. Shekaru muna rantse masa ba haka ba ne. Makon jiya muna shan jabana, wato gahawa, a tsakar gida ya ce, “Yaya, ko lokacin da kaina ya juye, ke kaɗai ce ban taɓa zargi ba.” In na faɗa masa gaskiya, na gaskata muryoyin da bakina. Yana iya daina maganin, ya daina cin abincin gida, ya daina yarda da kowa, kuma wa zai ce bai da hujja?

Faɗa dai na san dole in faɗa, ramin ƙarya ƙurarre ne kuma na kai ƙarshensa. Yadda zan faɗa ne ban sani ba. In same shi mu biyu, ko in fara da Baba, wanda zai ji na mai da shi abin wasa a gidansa fiye da shekara? Har na yi tunanin in je wurin malamin da kansa in roƙe shi ya ce wa yaron neman magani ba ya karya tawakkali, tunda maganarsa ta fi tawa nauyi a kunnensa, amma mutumin da ya sa masa mari nake magana. Idan kuma na faɗa ya ce kada yarinyar ta ji, sirrinsa zan riƙe a matsayin sista ko haƙƙinta zan duba a matsayin 'yar uwa? Ki taimaka ki tambayar mini malaman da kike gayyata ko sadakar da na bar shi yana kaiwa bisa abin da ba haka yake ba tana wuyana. In akwai wani cikin masu sauraro da aka taɓa ɓoye wa magani daga baya ya sani, ina so in ji wace kalma ce ta sa ya yafe, ko wace ce ta hana.

Tafiyar zan iya roƙon a ɗaga mini ita wata ɗaya ko biyu, fiye da haka za a ba wata. Na ƙirga yau da safe, ƙwaya 52 suka rage a jakata.

Wassalam,
Mai sauraronki daga Gadarif