Sirrin majinyacin da ba ya iya magana

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni fili in yi kuka kan abin da ke faruwa da Hausawanmu a ɗakunan kulawa ta musamman na wasu asibitocin Makka da Jidda. Wanda ke kwance a can, bututu a maƙogwaro, na'ura ce ke yi masa numfashi, ba shi da bakin cewa a faɗa wa wane, a ɓoye wa wane. Sirrinsa kacokan yana hannun likita da nas.

Da yawansu sun ɗauka riƙe sirri shi ne kawai hana baƙo taɓa fayil. To, ina batun tafinta? Wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta kwanta, 'yarta ba ta jin Larabci sosai. Sai nas ta leƙa baranda, ta yafito wani Bahaushe da ya zo duba nasa majinyacin, ta zayyana masa komai a tsaye: ƙoda ta tsaya, ga abin da gwajin jini ya nuna. Kafin isha'i labarin ya shiga WhatsApp, har daga Kano ana bugo waya ana jaje, alhali babban ɗanta bai ji ba. Nas ɗin taimako ta nufa, na yarda, amma ta keta haddin baiwar Allah nan.

Mu ma da namu laifin. A wurinmu kowa ɗan'uwa ne, ɗan unguwa ma sai ya ce wa likita shi ƙanin mara lafiya ne, likita kuma bai tambayi shaida ba. Wasu har hoto suke ɗauka wai don a taya da addu'a.

Ƙasar nan ta Saudiyya kuwa ba ta rasa doka ba. Dokar aikin kiwon lafiya ta 2005 ta wajabta wa ma'aikaci riƙe sirrin da ya sani ta hanyar aikinsa, sai a 'yan wuraren da ta keɓe. Dokar laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara guda, ko tarar har riyal 500,000, ga mai keta sirrin mutane da kyamarar waya.

Roƙona ga asibitoci: tun ranar kwantarwa a rubuta sunan mutum ɗaya da za a riƙa yi wa bayani, a yi shi a ɗaki a rufe ƙofa, a kuma tanadi tafintocin Hausa na asibiti, musamman lokacin aikin Hajji da Umara. Wanda aka tona wa asirin majinyacinsa ya kira 937, layin Ma'aikatar Lafiya, ya kai ƙara.

Naka mai bibiya,
daga Jidda.