Wasiƙa zuwa ga ɗana a Kumasi

Ɗana Abdul-Razak,

Assalamu alaikum. Muna lafiya a Nima, mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka. Ya karatu, ya ruwan Kumasi?

Na ji abin da ka ce a waya, cewa abokan karatunka a jami'ar KNUST kowa na rige-rigen fitar da takarda a mujalla, kai kuwa aikinka kan abincin yaran ƙwallo yana tafiyar hawainiya, har kana tunanin sauya shi da wanda za a gama da wuri. Kada ka sauya. Ga dalilina.

Ka san Eric Hultman, likitan nan na Suwidin. Tun muna kwas na malaman motsa jiki ake kawo mana labarinsa, kuma har yau yana burge ni. A 1966 shi da abokinsa Jonas Bergström suka sa keken gwaji a tsakiya, wannan na taka feda da ƙafa ɗaya, wancan ma da ƙafa ɗaya, har ƙafafun suka ƙi motsi. Sannan suka yi kwana 3 suna cin abinci mai sitaci, ana tsaga musu cinya da wata allura mai kauri da Bergström ya ƙera, ana cire ɗan ƙanƙanin tsoka ana aunawa. Sai suka ga gilaikojin, wato sukarin da tsoka ke ajiyewa, ya taru a ƙafar da ta sha wahala har ya kusan ninka na wadda ta huta. Jikinsu suka ba da, ɗana, ba na wani ba.

A 1967, tare da Bengt Saltin da Lars Hermansen, suka gwada mutane kan abinci iri uku. Waɗanda aka ciyar da nama da maiƙo suka gaji a kan keke cikin kusan awa ɗaya. Mutanen nan dai, da aka cika su da sitaci, suka kusan kai awa uku. Bayan shekara 2 kacal, Ron Hill na Ingila ya bi wannan tsari ya ci gudun fanfalaki na gasar Turai a Atina. Yau duk kocin da ya ce wa yaransa su ci shinkafa sosai daren jajibirin wasa, maganar Hultman yake maimaitawa, ko da bai taɓa jin sunansa ba. A 1992 kuma, yana dattijo, shi da Roger Harris suka nuna cewa shan kiriyatin, wato sinadarin da ke taimaka wa tsoka samun ƙarfi, yana ƙara yawansa a tsoka. Wannan ma ya bazu, ko da yake ni gwangwanayen da ake sayar wa samarinmu a shagunan Accra ba su kwanta mini ba, don ba ka san me aka zuba a ciki ba.

To, mutanen nan sun auna 'yan Suwidin da abincin Suwidin. Yaron da ke buga ƙwallo a filin Kawukudi ko a Aboabo da koko da ƙosai yake karyawa, da rana waakye ko dokunu, da dare tuwo, in an samu. Wa zai gaya masa nawa zai ci, kuma awa nawa kafin wasa, a wannan zafin namu da gumi ke zuba tun kafin a busa usur? Ga kuma azumi. A 2006 Ron Maughan da abokan aikinsa sun bi matasan 'yan ƙwallo a Tunisiya cikin Ramadan, suka ga ƙarfinsu bai ragu sosai ba. Amma yaran nan a sansani suke, ana kula da sahur ɗinsu da barcinsu. Namu da asuba suna tura baro a kasuwa ko suna bakin aikin kanikanci, da la'asar su shiga fili. Wannan shi ne giɓin da kake tsaye a bakinsa, kuma kai ɗan Zango ne, iyayen yaran za su buɗe maka ƙofar da ba za su buɗe wa baƙo ba.

Abu biyu nake roƙonka. Kada ka taɓa gyara lamba don ta dace da abin da kake fata. In sakamakon ya ce kokonmu bai isa ba, rubuta hakan. Kuma kada ka ɗebi jinin yaro ko ka auna shi sai uwarsa da ubansa sun fahimci abin da za a yi, da harshen da suke ji, sun yarda. In ka gama, ka koma filin ka faɗa wa kociyoyin abin da ka gano da Hausa da Tuwi, kafin ma mujalla ta buga.

Kuɗin sikelin da ka ce kuna buƙata zan turo ta waya ƙarshen wata. Ka gaishe mini da malaminka, ka kuma leƙa gidan baffanka a Asawase ranar Juma'a, yana cigiyarka.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka