Kiranyen Chen Po-wei a Taiwan

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah a bani fili in ce wani abu kan Chen Po-wei, matashin da ya ci kujerar majalisar Taiwan daga birnin Taichung a Janairun 2020, ya kada Yen Kuan-heng na jam'iyyar adawa ta Kuomintang (KMT) wanda gidansu suka dade rike da mazabar. Ko shekara biyu bai cika ba, 23 ga Oktoba 2021 aka yi masa kiranye, shine dan majalisa na farko da aka taba tsigewa haka a kasar, kuma tazarar kuri'un bata kai dubu biyar ba. Gaskiya abun ya dameni, ni a ganina ramuwar gayya ce ta 'yan adawa kawai, ai da sun barshi ya karasa wa'adinsa talakawa su yanke hukunci a 2024.

Naka,
Mai karatu daga Kano